Wufar Da Muka Ce Ta Baba Ce

Wannan makon mu aka ba fili, kuma mun daɗe muna jan ƙafa kafin mu yarda mu rubuta labarin nan, domin ba mu fito da kyau a cikinsa ba. Mu uku ne maza a gidanmu, a nan Anka, kuma duk abin da za ku karanta tare muka aikata shi. Shi ya sa ba za ku ji wani ya ce "ni" ba. Laifin ma kashi uku muka raba shi.

Akwai wata ƙaramar rediyo a ɗakin Baba, irin mai hawa biyun nan, kaset a ƙasa, faifan sidi a sama, da 'yan lasifika biyu a gefe da gefe, kowace ba ta kai girman bulo ba. Mijin yayarmu ne ya kawo masa ita tsaraba daga Sakkwato shekarun baya. Da ita Baba ke jin kaset-kaset ɗinsa na Alhaji Musa Ɗankwairo da Narambaɗa da Sa'idu Faru, da na karatun malamai, waɗanda yake adanawa cikin wata tsohuwar kwallar Inna. Labarai kuwa yana da 'yar Kchibo ɗinsa mai kama gajeren zango, wadda eriyarta ta karye tun tuni aka ɗaure da wayar keke. Da ita yake kwana, da ita yake tashi.

Inna ce ta fara lura kunnensa ya yi nauyi. Sai ta kira shi sau uku daga madafi bai waiwayo ba. In an yi magana ya ce mu ne ba mu buɗe baki, wai yaran zamani cikin hanci suke zance. Baba ya yi sama da shekara ashirin yana tsaye a kan injin niƙa a bakin kasuwa, tun safe har la'asar, kuma ba wanda ya taɓa ce masa ya toshe kunne ko da auduga ce. Da girma ya zo sai ya fara murɗa rediyon nan har ƙarshe, 'yan lasifikan su riƙa karkarwa suna ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani.

Mu kuma a namu ɓangaren wani ciwo ne daban ke cin mu. Duk wanda ya san ƙasar Anka da Bukkuyum a shekarun da kuɗin zinari ya shigo ya san abin da samari ke fara saya: babur, waya, sai wufa. Yaron da kuka yi firamare tare zai tafi wajen Bagega wata biyu, ya dawo ɗakinsa na girgiza. Ko da gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilun 2019, wufofin da aka riga aka saya ba su yi shiru ba. Wata rana a Nasarawar Burkullu muka tsaya cajin waya a wani shago, mai shagon ya saki kiɗa. Abin ba a kunne muka ji shi ba, a ƙirji muka ji shi, har ruwan da ke cikin kofi a kan teburinsa yana rawa. Muka dawo gida muka kalli 'yar rediyon Baba kamar ta yi mana wani laifi.

Babbanmu ne ya furta. Ya ce, "Ai Baba ba ya ji sosai yanzu, ya kamata a ƙara wa abin nan murya." Muka kalli juna. Kowa ya san abin da ake nufi, kowa kuma ya ce haka ne, Allah ya yi albarka, wannan ai biyayya ce.

Da tulu muka fara, kamar yadda muka ga yayyenmu na unguwa suna yi tun muna yara. Inna na da wani tulu da ya tsage a gindi ta daina zuba masa ruwa. Muka kwance lasifika ɗaya daga akwatinta ta roba, muka ɗora ta a bakin tulun tana kallon sama, muka zagaye gefen da tsumma da laka, muka fitar da waya. Ai kuwa muna kunnawa muka ji murya ta yi kauri. Wannan dabara ba tatsuniya ba ce, kuma daga baya muka fahimci dalilinta. Baƙin faifan takardar nan da ke motsi a lasifika, idan ya tura iska ta gaba, a daidai lokacin yana janyo ta ta baya. In babu abin da ya raba gaba da baya, sai iskar ta zagayo ta gefe ta cike gurbin, su kashe juna, kuma sauti mai kauri shi ya fi mutuwa a haka. Tulu katanga ce tsakanin gaba da baya, ga nauyi, ga shi ba ya karkarwa kamar roba. Aibinsa ɗaya: amo guda yake so. Ko kotso ake kaɗawa, ko kalangu, ko malami ne ke jan baƙi, tulu "bum, bum" ɗinsa yake amsawa. Baba ya leƙo ya ce, "Wa ya sa Alhaji Musa cikin rijiya?" Muka yi dariya, amma ba mu tsaya mun ji abin da yake faɗa mana ba.

Sati biyu tulu ya daina burge mu. Muka haɗa kuɗi muka sayo wasu lasifika biyu manya a kasuwa, muka murɗe wayoyinsu tare da na asali a maƙali ɗaya, biyu hagu biyu dama. Ƙara ta ƙaru kam. Kwana huɗu muna jin daɗi, ran na biyar da yamma muka ji ƙauri, sai wani siririn hayaƙi ya fito ta ramukan baya, rediyo ta yi tsit. Hausawa dama sun ce in ka ji ganga ta cika zaƙi, fashewa za ta yi.

A Anka akwai masu gyara, amma wanda ya fi iyawa sahu ɗaya suke tsayawa da Baba a masallaci, kafin isha labari ya isa. Sai muka ce wa Baba kan kaset ne ya yi datti, za mu kai a wanke. Muka naɗe ta a bargo muka shiga motar Gummi, inda yayarmu ke aure. Wanda ya san hanyar nan, ka ratsa ƙasar Bukkuyum ka faɗa Ɗaki Takwas kafin Gummi, ya san ba a bin ta don nishaɗi. Sai rana ta ɗaga ake tashi, direba na tambayar duk motar da ta fito daga can ko lafiya, fasinja kowa bakinsa na motsi. A kan wannan hanya muka ɗora rayukanmu saboda bes. Yanzu in mun tuna sai mu yi shiru.

Mai gyaran da mijin Yaya ya kai mu wurinsa dattijo ne, rumfarsa cike da gawawwakin rediyo har rufi, kowa Injiniya yake ce masa. Ya buɗe bayan, ya shinshina, ya nuna mana wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu da yawa manne da ƙarfe, wanda suke kira aisi, ya kumbura ya tsage. Ya ce, "Samari, lasifika nawa kunka ɗora mata?" Muka ce huɗu. Ya ce, "Jaki guda, kaya na raƙumi."

A rumfar nan muka yi karatun da ba mu yi a aji ba. Ya ce kowace lasifika tana da nauyin da take yi wa wuta, ana auna shi da om, yana rubuce a bayan maganaɗisunta. Idan ka haɗa mai om 4 da wata mai om 4 a maƙali ɗaya, ba 8 suke zama ba, 2 suke komawa, wato ƙofa ta ƙara faɗi, wuta ta kwararo ninki biyu, aisin da aka yi don om 4 ya yi zafi har ya ƙone. Muka ce to ai a gaban rediyon an manna takarda mai ƙyalli an rubuta wat 1200, mun daɗe muna nuna wa abokai. Ya yi murmushi ya juya ta, ya sa yatsa a kan 'yar rubutun da ke kusa da wayar wuta: gaba ɗaya abin da take sha wat 30 ne. Ya ce, "Buhun da anka zuba ma mudu talatin, ta ina za ya fidda mudu dubu?" Lambar nan mai haruffan PMPO a gefenta ta talla ce, kowane kamfani da yadda yake ƙirga tasa. Wadda ake dubawa ita ce mai RMS, ita ke faɗin ƙarfin da na'ura za ta iya riƙewa tana aiki ba tare da ta shaƙe ba.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne lissafin ƙara. Mun ɗauka in ka ninka wat ka ninka murya. Ashe ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, ɗan abin da kunne zai ce "e, an ɗan taɓa". Kafin kunne ya ji murya ta ninka, sai an ninka wat wajen sau goma. Bes kuma ba wat kaɗai yake ci ba, iska yake ci. Kunnen yaro mai lafiya yana jin sauti tun daga mai girgiza sau 20 a daƙiƙa har zuwa sau 20,000, kuma duk lokacin da ka sauko da sauti zuwa rabin girgizarsa, sai faifan ya tura iska ninki huɗu kafin a ji shi da ƙarfi ɗaya. Shi ya sa 'yar lasifika mai inci 4 ko za ta mutu ba za ta yi ƙugi ba. Mai inci 12 ta fi ta faɗin fuska sau tara. Ya kuma koya mana wata dabara da ba ta cin ko sisi: ka taɓa wayoyin lasifika da batirin tocila guda, ka ga ko faifan waje ya turo ko ciki ya shige, ka tabbata duk lasifikanka hanya ɗaya suke motsi. In ɗaya na turawa ɗaya na ja, bes ɗinsu cinye juna yake yi. Da muka koma gida muka gwada namu, ashe ɗaya a juye muka jona ta tun ranar farko.

Yana cikin liƙa sabon aisi, hannuwansa biyu duk da aiki, sai ya riƙe zaren dalmar da haƙori. Autanmu bai san lokacin da ya ce, "Malam, don Allah cire wannan daga bakinka" ba. Injiniya ya kalle mu, ya tambaya, "Ku 'yan Anka ne ko?" Ya cire. Mu kalmar dalma ba ta wuce mu haka nan. A 2010 ƙurar dutsen zinari da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare a ƙasar Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum, kuma da idonmu muka ga iyaye mata a asibiti da yara suna jijjiga a hannunsu. Da ya ce mana batirin mota za mu nema, sai da ya ƙara da cewa cikinsa dalma ce fal, in ya mutu kada mu bari yara su fasa shi, mu mayar wa masu saye.

Nan dai muka dawo da tsari. Za a bar rediyon Baba da 'yan lasifikanta biyu kamar yadda aka ƙera ta, a ɗauko sauti ta ramin abin saƙalawa a kunne a kai wa amfilifaya daban, ita kuma ta tuƙa wufa mai inci 12, irin ta bayan mota. Amfilifayar a kan batiri mai bolt 12 take, domin wutar lantarki a wajenmu baƙuwa ce, sai faifan sola ɗaya a kan rufi. Injiniya ya faɗa mana gaskiya cewa irin wannan ƙaramar amfilifaya a kan bolt 12 da lasifika mai om 4 abin da za ta ba mu mai tsabta bai wuce wat 18 ba, kowa ya ce mana ɗari ƙarya yake, kuma wat 18 ɗin ya ishi ɗaki in akwati ya yi kyau. Kafinta ya yi mana akwatin da katako mai kauri, muka toshe kowace kafa da gam da garin katako, muka cusa tsohuwar katifa a ciki. Waken da muka noma a shekarar, buhu biyu suka tafi a wannan hidima. Inna ta tambaya, muka ce na Baba ne.

Daren da muka gwada ba za mu manta da shi ba. Muka tura akwatin kusurwar ɗaki, don an ce mana kusurwa na ƙara kauri, kuma gaskiya ne. Muka sa Ɗankwairo. Da kotsannin nan suka sauka, kwanon rufi ya amsa, jeren kwanonin Inna a ɗaki na biyu suka fara haɗa baki, ƙura ta riƙa zubowa daga azara. Mu uku muna tsaye muna washe baki kamar mun ci zaɓe. Baba na zaune bisa buzunsa yana gyaɗa kai, leɓensa na bin waƙar. Ya ce, "Kiɗi kam ya zaka." Muka ce alhamdu lillahi, aiki ya yi.

Abin da ba mu lura da shi ba shi ne, waƙoƙin nan Baba ya haddace su tun kafin a haife mu. Ɗankwairo ya rasu tun 1991, ba zai sake sabon ɗa a waƙa ba. Ko rabin kalma Baba ya tsinta, kansa zai cika sauran. Don haka kaset ba zai taɓa tona mana asiri ba. Labarai ne suka tona, domin labarin gobe ba wanda ya haddace shi.

A farkon watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara. An rufe kasuwannin mako-mako, an hana sayar da fetur a jarka, an taƙaita hawa babur da dare. Wanda bai zauna cikin wannan ba, da wuya ya gane yadda gari ke komawa in waya ta mutu. Yaya na Gummi, ba mu san halin da take ciki ba sai in direba ya kawo saƙo. Abin da ya faru a ƙauyen da ke nesa da mu da tafiyar awa ɗaya, sai mun ji shi daga Landan. Rediyo ta dawo da sarautarta. Ƙarfe takwas da rabi na dare, lokacin shirin BBC, zaurenmu cika yake da maƙwabta, domin an san gidanmu ne ke da babbar murya. Mukan jona 'yar Kchibo ɗin Baba da amfilifaya, muryar mai karanta labarai ta fito da kauri kamar daga cikin randa, har bakin titi ana ji.

Kowa na ji ban da mai gidan. Ana gama kowane labari sai ya juyo ya ce, "Mi anka ce? Ina ne?" Mu ƙara murya. Ya sake tambaya. Mu ƙara. Har wani dare ya miƙa hannu ya zare wayar, ya ɗauki 'yar rediyonsa ya manna a kunnen dama, ya juya mana baya. Zaure ya yi tsit, baƙi suka fara sallama ɗaya bayan ɗaya. Mu kuwa haushi muka ji, Allah ya yafe mana. Muka ce tsufa ne, ba a iya masa.

A cikin kwanakin nan Gwaggo ta zo, ƙanwar Baba, da jikanta ɗaya da ƙullin kaya. Ƙauyensu ya watse, kamar yadda ƙauyuka da dama suka watse suka cika garin Anka da 'yan gudun hijira. Ba ta ba da labarin abin da ta gani ba, mu ma ba mu tambaya ba. Aka ba ta ɗakin da ke jikin namu. Kwana uku da zuwanta, bayan an watse daga jin labarai, muka ja wufa ɗakinmu muka sa wata waƙar zamani daga memori, a hankali a ganinmu, don ko kalmomin ba a ji daga tsakar gida. Can sai autanmu ya fita zai kama ruwa. Ya tarar da Gwaggo tsaye a bakin ƙofar gida cikin duhu, ta goya yaron, takalmanta a hannu. Ta kama hannunsa tana raɗa, "Ɗiyana, ba ku jiya ba? Babura na tahowa."

Katanga tana tare siririn sauti, amma mai kauri ratsa ta yake yi. Haka nan in ayarin babura na tafe daga nesa, nisa na cinye ƙarar sama-sama, ƙugin ƙasa ne ke fara isowa. Abin da ya ratsa bango ya iske Gwaggo a kan tabarmarta ba waƙa ba ce, wannan ƙugin ne tsantsa, a daren da doka ta ce ba mai hawa babur. Muka fito mu uku muna rantse-rantse cewa kiɗa ne. Sai da muka kai ta ɗakin, muka kunna muka kashe a gabanta sau biyu, sannan ta sauke yaron. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "To, Allah shi kyauta," ta koma. Da ta zage mu da ya fi mana sauƙi.

Washegari muka zare wayar wufa. Da dare maƙwabta suka zo kamar kullum, muka ba su haƙuri cewa yau da 'yan ƙananan lasifika za a ji, muka jona ɗaya daga cikinsu da amfilifaya muka ajiye a kan benci, kusa da Baba don nan waya ta kai. Aka fara labarai. Labari na farko ya wuce, bai ce komai ba. Na biyu ya wuce. A na uku wani maƙwabci ya yi magana, sai Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Ku dakata, Shinkahi aka magana." Muka kalli juna, irin kallon da muka yi ranar da babbanmu ya fara kawo shawarar.

Wani ɗan uwanmu da ke aikin jinya ne ya warware mana daga baya, kuma bayanin bai da wuya. Kunnen da tsufa ko ƙarar inji ta ci, ba duka sauti yake rasawa lokaci ɗaya ba. Siririn sauti yake fara rasawa, mai girgiza dubbai a daƙiƙa, ya bar mai kauri kusan lafiya lau. A magana kuwa wasula su ne masu ƙarfi da kauri, baƙaƙe irin su s da sh da ts sirara ne marasa ƙarfi, amma su ke rarrabe kalma da kalma. Ku faɗi sara, shara, tsara, ku cire farkon kowace, ku ji abin da ya rage. Abin da Baba ke ji ke nan: ara, ara, ara. Yana jin ana magana, bai san me ake cewa ba. Sauti mai kauri kuma in ya yi yawa danne siririn yake yi, ko a kunne mai lafiya. Wato mu da buhun wakenmu biyu, abin da Baba ke da shi muka ƙara masa, muka binne ɗan abin da ya rage masa na wanda ya rasa. Ɗan uwan nan ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta fiye da mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka haura shekara 60 suna da nauyin kunnen da ke hana su harka. Sannan ya juyo kanmu ya tambaya ko kunnenmu na yin ƙara in mun kashe wufa. Autanmu ya ce nasa na yi. Ya ce ma'aunin hukumar shi ne desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, mu ci gaba in muna son gadon Baba tun kafin furfura.

Tun da a zauren marubuta muke, bari mu ɗan ratse. Mu ma nan muna yi wa masu karatunmu irin wannan. Duk wanda ya rubuta kasa yana nufin ƙasa, ko baki yana nufin baƙi, don ƙyuyar neman harafi mai ƙugiya a waya, ya mayar da mai karatu Baba a zaure, yana cike gurbi da ka. In zancen sananne ne zai wuce, kamar waƙar da aka haddace. In sabon zance ne sai ya tsaya yana "mi anka ce?" Mu kanmu sai bayan wannan abu muka sauke allon rubutu mai ƙugiya a wayoyinmu.

Gyaran da ya yi wa Baba aiki bai ci kuɗin kwanon wake ba. Waya ce mai tsawon taku goma, da ƙusa ɗaya. Muka rataye 'yar lasifikar nan mai inci 4, wadda muka raina tun farko, a bango daidai kunnensa na dama inda yake jingina, muka murɗe bes ƙasa, muka ɗaga tirebul. Murya ba ta kai rabin ta da ba. Kusanci ya fi wat: duk taku ɗaya da ka matso da lasifika kusa da kunne, ka rage amsa-kuwwar ɗaki da hayaniyar waje. Mun kuma koyi tsayawa a gabansa in za mu yi magana, ya ga bakinmu, mu yi a hankali ba da ihu ba. Da hanya ta ɗan yi sauƙi muka kai shi asibiti a Gusau, aka wanke masa kunne, aka tabbatar da abin da ɗan uwanmu ya faɗa, aka ce akwai 'yar na'urar da ake saƙalawa. Da aka faɗi kuɗinta, babbanmu ya yi lissafi a ransa, mu ma muka yi, ba wanda ya furta. Muna tarawa.

A hanyar dawowa, wajen Mayanci, Baba na gaban mota mu muna baya, ya juyo ya ce, "Akwatin nan naku, ku sai da shi mana in ba ku so." Babbanmu ya ce, "Ai naka ne, Baba, don kai muka haɗa." Ya daɗe yana kallonmu. Ya ce, "Kunnena ne ya mutu, ba idona ba." Direba ya yi dariya har yana dukan sitiyari.

Ba mu sayar ba. Tana nan a kusurwar zaure an lulluɓe ta da tsohon zane, jikan Gwaggo ya mayar da ita kujerar cin tuwo. Ranar sallah da hantsi mukan fito da ita tsakar gida, bayan ɗayanmu ya je ya faɗa wa Gwaggo cewa za a kunna, ta ce a kunna. Tulun kuma Inna ta karɓe kayanta, ta kankare lakar, ta kwantar da shi a bayan rumbu. Wata kaza ce ke ƙwai a ciki yanzu.